Kunnuwan Ƙarfe a Zonguldak

Shekara ashirin da shida na yi a ƙarƙashin wannan tudu,
yau ga ni a kansa, da buhun kunnuwa a kafaɗa.
Na ƙarfe ne, kowanne da tsininsa kamar ƙusa.
Taku goma, in soka ɗaya, in danna da dunduniya,
jar waya na bina cikin ciyawa
har inda Bahar Aswad ke leƙowa ta tsakanin itatuwa.

Gülizar ce shugabarmu. Na haifi wadda ta girme ta.
Ta ce, "Baba Zekeriya, kada ka bari ya karkace,
kunnen da ya kwanta ƙarya yake ji."
Na tsuguna na gyara.

Da hantsi babbar mota ta hawo da faranti a cikinta,
ta sauke shi ƙasa, ta ɗora masa nauyinta duka.
Aka ce kowa ya tsaya cik.
Har shanun Hulusi sai da aka kora gangare.
Sai ta soma gurnani
kamar sa ya faɗa rijiya,
tana hawa, tana hawa,
har haƙoran da suka rage mini suka amsa.

Sallama ce ake yi wa dutse, in ji Gülizar.
Sautin zai sauka yana ƙwanƙwasa hawa-hawa,
yumɓu ya amsa, dutsen yashi ya amsa,
kwal ya amsa a makare, don ya fi su nisa.
Daga jinkirin amsa ake gane zurfi.

Mu a zamaninmu diga ce mai sallama.
Kana bin kwal mai kauri, tsayin mutum,
wata uku yana gabanka kamar amini,
ran nan ka kai sara, sai farin dutse.
Sama ya yi? Ƙasa ya yi? Oho.
A irin wurin nan rufi ke ruɓewa,
ruwa ke laɓewa, iskar gas ke kwana.

Da yamma ta kira ni cikin motar ofis,
ta miƙo shayi a ɗan kofin gilashi.
A allon kwamfuta ga layuka kwance kamar kunyoyin gona,
can dama sai suka yanke,
rabi ya zame ƙasa ya bar rabi.
Ta ɗora bakin alƙalami.
"Ga karayar. Mita goma sha huɗu.
Ta bi ta ƙarƙashin makaranta
ta nufi tsohon ramin da aka toshe."

Ba ta san na san ta ba.
Wata Talata muka haɗu,
mu bakwai, a zurfin mita ɗari huɗu.
Nurettin ne a gaba,
yana ta lissafin kuɗin firji da zai saya wa uwarsa.
Katakon tokare ya yi ƙara sau ɗaya tak.
Mu shida muka hau keji.

Na daɗe ina duban layin.
Siriri ne, farce ma zai rufe shi.
Shekara goma sha tara ina ganinsa a mafarki
da baki, da numfashi mai wari,
ashe yana da tsawo da faɗi,
ana iya auna shi ana kurɓar shayi.

Ta ce sabon rami zai tsaya kafin ya kai,
ya bar mita tamanin, ya juya gabas.
Na ce, kunnuwan nan komai suke ji?
Ta yi shiru, ta juya cokali a kofi.
"A'a. Ƙananan tsagogi suna wuce mu.
Waɗannan har yanzu sai mai diga."
Na ji daɗi da ba ta yi mini ƙarya ba.

Gobe akwai ɗari uku da zan soka
daga makaranta zuwa bakin rafi.
Kuma saniyar Hulusi ta tauna waya a layi na huɗu,
ni za a aika in yi masa magana,
don ni kaɗai yake saurara
tun daga ranar da muka fito mu shida.